Yadda A Ke Auna Magana Cikin Turanci

A daren muhawararmu na makon jiya, ana cikin gardama a kan wanda ya fi amfani ga ƙasa tsakanin manomi da ɗan kasuwa, sai wani ɗan'uwanmu ya miƙe ya dubi abokin gardamarsa ya ce masa, "You are lying." Ɗaki ya yi tsit. Malamin da ke shugabancin taron ya sa shi ya janye maganar. Ya zauna yana mamaki, gama a zuciyarsa bai nufi kome ba sai abin da samari su kan ce wa juna a dandali, "Kai, ƙarya ne!" a yi dariya a wuce. Ba mu kawo labarin nan don mu kunyata shi ba, laifin namu ne duka. Mun haddace sunayen koguna da duwatsu da Turanci, amma kalmomin da mutum ke faɗin ra'ayinsa da su mun yi musu riƙon sakainar kashi, alhali kuwa su ne za mu fi bukata ran da mu ka fita.

Abin da mu ke so mu tunatar da 'yan'uwa shi ne, kalmomin nan ma'auni ne, kamar mudu da tiya a hannun mai awo. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya zauna gaban malamin ilmi bayan ya ajiye allo ya ji an kasa sani kashi huɗu: yaƙini, watau abin da ba kokwanto cikinsa, zanni, abin da ya rinjaya a zuciya, shakka, inda gefe biyu su ka yi daidai, sa'an nan wahami, gefen da aka rinjaya. An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba," wannan kuwa bai rage masa daraja ba. Hausa ma tana da nata matakan: na tabbata, na sakankance, a ganina, ina tsammani, ina ji, watakila.

To, Turanci ma haka ya ke. A saman tsani akwai "I know" da "I am certain," waɗanda ba a faɗinsu sai mutum yana riƙe da hujja. Ƙarƙashinsu akwai "I believe," watau zuciyarsa ta natsu ko da ba shi da shaidar da zai nuna. Daga nan sai "I think" da "in my opinion" da "in my view," mai magana ya yarda wani yana iya ganin abin daban. A ƙasa kuma ga "it seems to me" da "I suppose" da "perhaps," har a kai ga "I doubt," wanda ya karkata wajen ƙi. Mu kuwa duk mu kan zuba su cikin ƙwarya ɗaya mu fassara su da "ina tsammani."

Yawan kalmomin nan yana da dalili. Tun da mutanen Normandi na ƙasar Faransa su ka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci su ka kwararo cikin Turanci, kamar yadda na Larabci su ka shigo cikin Hausa ta hanyar karatu. "Know" da "think" da "believe" 'yan gida ne, amma "opinion" da "view" da "certain" da "doubt" baƙi ne da su ka zauna. Wani abin sha'awa, tushen "view" shi ne gani, tushen "ra'ayi" a Larabci ma gani ne, mu kuma mu kan ce "a ganina." Saboda haka "point of view" shi ne wurin da mutum ya tsaya yana kallo, kowa kuwa ya san wanda ke gabas da dutse da wanda ke yamma ba abu ɗaya su ke gani ba.

Akwai kuma ramukan da mu kan faɗa ciki. In Bature ya ce "I am afraid you are mistaken," ba tsoro ya ke ji ba, tausasa musu ya ke yi. In ya fara da "with respect," ka shirya, saɓa maka zai yi. In ya ce "surely," sau da yawa neman goyon bayanka ya ke yi, bai kai "certainly" ƙarfi ba. In aka ce mana "Don't you agree?" alhali ba mu yarda ba, mu kan amsa "Yes" bisa al'adar Hausa, muna nufin i, ba mu yarda ba, shi kuwa mai tambaya ya tafi da cewa mun yarda. Game da ɗan'uwanmu na muhawara, abin da ya kamata ya ce shi ne "I do not agree" ko "I beg to differ." Kiran mutum maƙaryaci da Turanci babban zagi ne, har a majalisar wakilai ta Ingila in wakili ya jefi ɗan'uwansa da kalmar, shugaban majalisa ya kan sa shi ya janye ta.

Mun san waɗansu za su ce duk wannan kwana-kwana ce, gaskiya a faɗe ta yadda ta ke. Amma wanene cikinmu ya taɓa ce wa malaminsa "ba haka ba ne" gatsau? Mu kan durƙusa mu ce, "Allah gafarta malam, a gajeren sanina," sa'an nan mu faɗi abin da mu ka gani, gaskiyar kuwa ba ta ragu ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Wanda ya ce "I know" a kan abin da zato kurum ya ke yi, shi ne ya tauye mudu. Wanda kuma ya rasa kalmar musu mai ladabi, ko ya yi zagi ko ya yi shiru, duka biyu hasara ce. Mu tuna da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatun malanta a Kwalejin Katsina. A 1950 ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a bincika yadda a ke tafiyar da mulkin En'e a gyara shi, magana mai nauyi wadda ta shafi sarakuna. Irin wannan tsayuwa sai wanda ya san nauyin kowace kalma.

Shawararmu ke nan: ran da mu ka shiga aji don gwajin koyarwa, mu rubuta magana biyu a allo, ɗaya "Kogin Kwara ya fi na Binuwai tsawo," ɗaya "Tuwon dawa ya fi na masara daɗi." Mu sa yara su zaɓi wadda ta cancanci "I know" da wadda ta cancanci "I think," kāna kowa ya biyo da "because" ya kawo dalilinsa. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. A muhawararmu kuma muna roƙon malamai su riƙa tsai da duk wanda ya ce "I am certain" su tambaye shi hujjarsa, ko da a tsakiyar jawabi ne. Magana zarar bunu ce, gara mu sha kunyar gyara a nan tsakaninmu da mu sha ta a gaban jama'a. Allah ya sa mu dace, amin.