Mun San Tarihin Kowa, Ban Da Na Gidanmu

A 'yan shekarun nan, babu hajar da ta kai labarin rayuwar mutum kasuwa a kafafen sadarwa na Hausa. Sashen Hausa na BBC yana da shirin Ku San Malamanku, inda malamai ke faɗin mahaifarsu da waɗanda suka yi karatu a gabansu, yana kuma da Daga Bakin Mai Ita na 'yan fim. A YouTube da TikTok kuwa, duk wanda ya mallaki makirufo ya buɗe zauren hira, kuma tambayar farko ɗaya ce: ba mu tarihinka.

Sai ga shi ɗalibinmu na jami'a yana iya zayyano garin da aka haifi jarumar fim da auren da ta yi, amma a tambaye shi sunan kakan mahaifinsa, ko garin da kakarsa ta wajen uwa ta fito, sai ya hau sosa ƙeya. Wannan giɓi ya shafi addini kai tsaye, domin shari'a ta ɗora hukunce-hukunce masu nauyi a kan sanin wane ne ɗan wane. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a koyi gwargwadon nasabar da za a sada zumunci da ita.

Mu fara da gado. Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun fayyace rabon magada, amma alƙali ba zai iya aiki da su ba sai an faɗa masa su wane ne magadan, kuma wa ya riga wa rasuwa. A gidajenmu akan bar gona ko gida ba a raba ba har 'ya'yan mamacin su ma su rasu. Ranar da jikoki suka tashi rabo, sai a tarar tsohon da ya san jerin mutuwar ya daɗe a ƙasa. Daga nan ake cin haƙƙin marayu ba da niyya ba, daga nan kuma 'yan ɗaki ke daina gaisawa.

Batun shayarwa ya fi wannan tayar da hankali. Aya ta 23 ta surar ta haramta auren uwar shayarwa da 'yar'uwar shayarwa, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, ko tsotso ɗaya ne cikin shekarun shayarwa ya isa ya haramta aure. Haramcin yana kaiwa har ga 'ya'yan mijin mai shayarwar da ya haifa da wata matar. To, a babban gida irin na da, idan mai jego ta kwanta ciwo ko ta rasu, kishiya ko gwaggo ko maƙwabciya ce ke ɗaukar jinjirin ta ba shi nono. Babu wanda ya rubuta. Shaidar tana cikin ƙirjin tsofaffin mata biyu ko uku, ga mu kuma al'ummar da ke yawan auren zumunci. Buhari ya kawo labarin Uƙba ɗan Haris, wanda bayan ya yi aure wata mata ta zo ta ce ta shayar da shi da matarsa. Ya yi takakkiya daga Makka zuwa Madina neman fatawa, ƙarshe ya rabu da matar. Shi ya yi dace mai shayarwar tana raye ta yi magana. Wa zai yi wa jikokinmu wannan maganar?

Haka batun riƙo. Al'ada ce mai kyau baffa ko kawu ya ɗauki yaro ya raine shi, sai dai sau da yawa da sunan mai riƙon ake sa yaron a makaranta, sunan ya bi shi har katin ɗan ƙasa. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a riƙa danganta yara ga iyayensu maza na haihuwa, dalilin da ya sa Zaidu ya koma ɗan Harisa bayan an daɗe ana jingina shi ga Annabi (SAW). Ɗan riƙo ba ya gadon mai riƙonsa saboda riƙon, kuma yana da haƙƙin ya san mahaifinsa.

Me ya tsinke igiyar? A da, hirar dare a ɗakin kaka da ziyarar Salla su ne makarantar nasaba. Yanzu zaman birni ya raba mu gida-gida, waya ta cinye hirar dare. Rikicin da ya ɓarke a Borno da Yobe tun 2009, da ta'addancin 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, sun tashi ƙauyuka da dama. Tsofaffi na rasuwa a gudun hijira, yara na tasowa a garin da babu wanda ya san kakanninsu.

Magabatanmu ba su yi wasa da wannan ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi domin ya lissafa malamansa, tun daga mahaifinsa da yayansa Shehu Usmanu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tattara tarihin malaman wannan yanki a Infaƙul Maisuri a 1812. Amma labarin talaka, musamman mace, ya dogara ne da baki. Baba ta Karo, tsohuwa daga ƙasar Zazzau, mun san ƙuruciyarta da aure-aurenta ne domin Baturiya Mary Smith ta zauna ta rubuta daga bakinta a 1949 da 1950, aka buga a 1954. Kowane gidanmu yana da irin wannan tsohuwa.

Sai dai neman tarihi yana da ladubba. Aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta nuna hikimar ƙabilu ita ce a san juna, fifiko kuwa na taƙawa ne, don haka nasaba ba makamin gori ba ce ga wanda kakansa bawa ne ko mahauci ko wanzami. Ayar da ke gabanta ta hana giba da bin diddigin asirin mutane. Wanda ya zauna gaban kyamara yana ba da labarinsa, ya sani yana ba da labarin mahaifiyarsa da kishiyarta da tsohuwar matarsa ne ba da izininsu ba, kuma bidiyon zai jira jikokinsa.

Gyaran yana hannunmu. Wayar da muke kallon tarihin wasu da ita tana ɗaukar murya. A je wa tsoho ko tsohuwar gida da goro, a zauna cikin ladabi a tambaya: su wa suka haife ku, daga ina aka taso, wa ya shayar da wa, wa ya riƙe wa, wa ya riga wa rasuwa? A rubuta a littafi, da boko ko da ajami, a ajiye kwafi a hannun mutum fiye da ɗaya. Duk matar da ta shayar da ɗan wata daga yau, a rubuta da shaidu. Malaman Islamiyya kuma su ba ɗalibai aikin gida na kawo sunayen kakanninsu ta ɓangarori biyu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya, Ya ba mu ikon sada zumunci.