A Koya Wa Yara Kimiyya Da Hannunsu A Lokacin Dogon Hutu

Da zarar makarantun firamare sun tashi dogon hutu cikin watan Yuli, iyaye da yawa sukan tura 'ya'yansu karatun hutu. Abin takaici shi ne, abin da ake yi a can bai wuce kwafar allo da haddar da yaran suka baro ba.

Alhali kuwa hutun yakan faɗo ne a tsakiyar damina, lokacin da kayan koyon kimiyya suke ko'ina kyauta. Kamata ya yi malami ya ware wa kowane mako batu guda. A makon tsiro, yaro ya shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a duhu, ya riƙa auna tsawonsu kullum. Da idonsa zai ga na duhun ya zarce amma ya koɗe. A makon ruwa, a tari ruwan sama a kwalba ana aunawa, a kuma nuna wa yara tsutsar sauro cikin kwantaccen ruwa, domin su san inda mai kawo zazzaɓi yake hayayyafa.

Saboda haka wajibi ne hukumomin ilmi na jihohi su horar da malamai a kan wannan hanya. Yaron da ya saba da hadda kaɗai da wuya ya zama likita ko injiniya nagari. Gani ya kori ji.