Maza, Mu Daina Ɓoye Ciwon Fitsari

A wannan wata za mu taɓo wata magana ce wadda ba a saba yin ta a bainar jama'a ba, wato ciwon dajin da ke kama hanyar fitsarin ɗa namiji. Na san wasu dattawanmu za su ce malamin lakkol ya yi rashin ta-ido. To, a yi mini aikin gafara, domin shirun da muke yi a kan wannan al'amari ya ci mana mutane da yawa.

Duk mazaunin Ajame ko Tireshbil ya san yadda labarin yake tafiya. Dattijo ne mai rumfar albasa ko ta goro, kullum yana sahun farko a masallaci. Sai a ga ya fara yawan fita da buta, can kuma a daina ganinsa a jam'i. In an tambaya sai a ce ai sanyi ne, ko kuwa basir. A sayo masa jiƙe-jiƙe wajen masu magani na bakin tasha, a yi wata shida, a yi shekara. Ranar da fitsari ya tsaya cik da tsakar dare, ran nan ne za a nemo taksi a ruga babban asibitin koyarwa, wato CHU na Tireshbil, a sa masa roba. Bayan an yi awo likita ya ce ciwo ya riga ya kai ga ƙashi. Daga nan sai 'yan'uwa su yi karo-karo, a sa shi mota zuwa Maraɗi ko Tawa ko Sakkwato, wai ya je ya cika a gaban dangi.

Tun 1994 aka buɗe rajistar ciwon daji ta Abijan a CHU na Tireshbil, inda ake rubuta masu wannan ciwo da aka gano a birnin. Sakamakon farko da aka fitar, na 1995 zuwa 1997, ya nuna cewa a wajen maza dajin furostat ne kan gaba, na hanta yana biye, a wajen mata kuwa na nono da na bakin mahaifa. Har yanzu kuma furostat bai sauka daga wannan matsayi ba a ƙasar Kodebuwa.

Mece ce furostat? Wata 'yar ƙwaya ce mai kamar girman goro, tana ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari kuwa ta tsakiyarta ta bi. Namiji kaɗai ke da ita. Idan shekaru suka ja, takan kumbura ta matse hanya, kamar yadda in aka taka tiyo ruwa yake raguwa. Sai mutum ya ga fitsarinsa ba ƙarfi, yana tashi sau uku sau huɗu cikin dare, ya gama amma ya ji kamar da saura. A nan ina so a lura da kyau: mafi yawan masu wannan kumburi ba daji gare su ba, tsufa ne kawai, kuma akwai ƙwayoyin sha da ke buɗe hanya, in sun gaza a yi aiki, wani lokaci ma ta cikin hanyar fitsarin ba tare da an tsaga ciki ba. Shi kuwa dajin, muguntarsa ita ce yakan fara ne shiru, ba zafi ba alama. Ba a iya rarrabe su sai da awo: gwajin jini da ake kira PSA, da taɓawar likita da yatsa ta dubura, in an ga abin shakka kuma a gutsiri ɗan nama a duba. Binciken likitoci ya nuna baƙar fata sun fi sauran jinsi kamuwa da shi, haka nan wanda mahaifinsa ko wansa ya yi. Saboda haka duk wanda ya kai 50 ya kamata ya je a duba shi, wanda kuwa ciwon yake a gidansu ya fara tun yana 45.

Na san abin da ke tsorata maza, wato jita-jitar cewa wanda ya je asibiti dandaƙe shi za a yi. Ga asalin maganar. A 1941 wani likita a birnin Shikago na Amurka, Charles Huggins, ya gano cewa wannan daji da sinadarin mazakuta yake rayuwa, in aka yanke masa shi sai ya lafa. Har lambar Nobel aka ba shi a 1966 saboda haka. To, ana yanke sinadarin ne ta hanyar allura ko ta cire 'ya'yan maraina, kuma galibi wanda ciwonsa ya riga ya bazu ake yi wa haka. Wanda ya zo da wuri yana da zaɓi: a cire ƙwayar, ko a gasa ta da haske, ko ma a zuba mata ido in mai tafiyar hawainiya ce. Ashe ke nan jinkiri shi ke kai mutum ga abin da yake gudu.

Ciwo na biyu ya fi shafarmu mu Hausawa, shi ne dajin mafitsara. Da yawanmu mun tashi a ƙauyukan da in yaro ya fara fitsarin jini sai a yi murmushi a ce ya zama namiji. Alhali kuwa tsargiya ce, cutar da wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Tsutsar tana girma ne a jikin katantanwar tafki da gulbi da fadamar shinkafa, ta huda fatar mai wanka ko mai su, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. Ƙwan nan su ke maƙalewa a bangon mafitsara suna yi mata miki shekara da shekaru. Jinin yakan ɗauke in yaro ya girma, sai a ɗauka an warke, amma ɓarnar tana nan. A 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa wannan tsutsa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato su ma sun ba da rahoton yawaitar dajin mafitsara a yankinsu da alaƙarsa da tsargiya.

Kada kuma wani ya ce ai a gida muka baro ta. Wani bincike da aka buga a 1997 ya nuna cewa bayan gina madatsar ruwa ta Kosu, masu tsargiyar fitsari a ƙauyukan gefen tafkin sun tashi daga kashi 14 zuwa kashi 53 cikin ɗari, a Tabo kuwa daga babu zuwa kashi 73. Ga kuma 'ya'yanmu da muke aikawa gida karatun allo ko hutu, su dawo mana da ita. Maganinta ƙwaya ce mai suna Praziquantel, ana auna ta da nauyin yaro ko tsawonsa, a sha a rana ɗaya. Ga babba kuwa, musamman mai shan taba, domin taba ita ce babbar mai jawo dajin mafitsara a duniya, ganin jini a fitsari ko da sau ɗaya ne, ko da babu zafi, dalili ne na zuwa asibiti a wannan mako.

To, ina za a je? A da ana iya cewa babu kayan aiki, domin kafin ƙarshen 2017 babu injin gashi da haske a duk faɗin ƙasar nan, mai hali sai ya nufi Gana ko Maroko ko Faransa. A watan Disamba na 2017 aka buɗe cibiyar CNRAO a harabar CHU na Kokodi. Akwai kuma sashen likitocin hanyar fitsari a CHU na Kokodi da na Tireshbil. Mutum zai iya farawa daga babban asibitin unguwarsa, na Ajame ko na Tireshbil, su ba shi takarda zuwa gaba. Gaskiya ne likitocin ba su wadata ba, akwai jira, kuma awo da aiki suna cin kuɗi. Amma dokar inshorar lafiya ta CMU, wadda aka yi a 2014 ta fara aiki a 2019, ta haɗa da duk mazaunin ƙasa, ɗan ƙasa da baƙo, kuɗin da aka yanka kuwa jikka ɗaya ce ta sefa a wata. Ba ta ɗauke kowane nauyi ba, amma da babu gwamma ba daɗi. Kuma in aka lissafa kuɗin jiƙe-jiƙen shekara guda da na motar kai majinyaci gida, za a ga sun ninka kuɗin gwajin jini da hoton ciki.

Saura kunya. Bahaushe dattijo ba zai iya faɗa wa ɗansa yadda fitsarinsa yake ba, ga shi kuwa sau da yawa ɗan ne mai jin Faransanci. Sai a shiga wajen likita, uba ya sunkuyar da kai ya ce ciwon baya ne kawai. Shawarata ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu ita ce, a kowace unguwa a zaɓi magidanta biyu ko uku masu riƙe sirri, masu jin Faransanci, su riƙa raka sa'o'insu asibiti. Asusun da muke tarawa domin kai gawa ko majinyaci gida, a ware wani abu daga ciki domin awo. Limamanmu kuma su taimaka da bayani, domin wasu dattawan saboda ɗigar fitsari ko robar da aka sa musu suke ƙaurace wa jam'i, alhali a mazhabarmu ta Malikiyya akwai sauƙi ga mai wannan lalura, in ya tambaya za a faɗa masa. Iyayenmu mata, ku ne kuka san sau nawa maigida yake tashi cikin dare, ku lallashe shi, in ya ƙi ku gaya wa amininsa.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.