Akurkin kaji: siminti a ƙasa, laka a bango

A Malbaza, inda masana'antar siminti take tun shekarun 1960, wasu magidanta na ɗaukar akurkin bulo mai rufin kwano shi ne ci gaba. A ganinmu kuskure ne. Cikin watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kwano ya mai da akurki tanda, kaji su rage ƙwai, wasu ma su mutu. Ginin laka da rufin ciyawa ya fi sanyi, sai dai ƙuma na ɓuya cikin tsagar bango, gafiya kuma na haƙowa ta ƙasa. Saboda haka a kai simintin ga daɓe, a yaɓe bango sumul, a bar tagogi masu raga, da ƙofar da muzuru ba ya iya turewa. Daɓen akurkin kaji goma bai cinye buhu guda.