Kyamara marar madubi ta iya gudu, amma ƙura da zafi fa?

Duk mai ɗaukar hawan Sallah da waya a Gwarzo ko Kabo ya san inda take gazawa: ana zuwa jafi, dawaki sun taho a sukwane, ka danna, sai ka tashi da ƙura da rabin doki. Shi ya sa matasa da yawa ke tara kuɗin sayen kyamara marar madubi. Ra'ayina shi ne ta cancanci kuɗinta, amma ba a kanta ya kamata kuɗin ya ƙare ba.

Wajen sauri babu gardama. Tsohuwar DSLR sai ta ɗaga madubi kafin kowane hoto, wannan kuwa sensa ɗinta na kallon waje kai tsaye, manhajarta na gane ido tana bin sa. Tun 2017 Sony a9 ke ɗaukar hoto 20 a daƙiƙa ɗaya ba tare da allo ya ɗauke ba. Canon R7 ta 2022 tana kai 30, tana kuma gane mutum, dabba da mota. Ɗan dambe ya kai naushi ko shirwa ta sauko bakin madatsar ruwan Challawa, ba za su kufce mata ba. Kuma tana ɗauka shiru, tsuntsu ba ya firgita.

Sai dai masu tallarta ba su san watan Afrilunmu ba. Canon R5 ta 2020 ta yi ƙaurin suna wajen ɗaukar zafi ta tsaya in ana bidiyon 8K, balle a ce rana ta kai digiri 40 kana tsakiyar ɗaurin aure. Ga cin batir, domin allonta a kunne yake kullum, mu kuwa wuta sai an gan ta. Ga hunturu: kana cire lens, babu madubin da zai tare, ƙura ta sauka kan sensa, kowane hoto ya fito da ɗigo. A masu araha kuma, sensa na karanta hoto layi bayan layi, don haka in ka juya ta da sauri sai mashin mahayi ya lanƙwashe.

Babban kuskure shi ne a zuba komai a gangar jikin kyamara a bar ta da ɗan lens ɗin da ta zo da shi. Da shi ko biri a Dajin Falgore ba za ka ɗauko ba, sai dai ɗigo a kan reshe. Namun daji na son lens mai milimita 300 zuwa sama.

Saboda haka gara ka sayi ta hannu mai lafiya, irin su Sony a6400, ragowar ka sa a dogon lens, batir biyu ko uku, kati mai sauri da abin hure ƙura. In kuwa aikinka bidiyon TikTok ne a shago, riƙe wayarka ka sayi makirfo. Wanda zai ci bashi don kyamara, ya fara ɗaukar hayarta ya yi aikin biki guda da ita cikin rana tukuna.