Likitan da ke Bin Masu Tsere a Baya

Wani zai ce ina ruwan mutumin Kalakla da tseren motocin Turawa, abin da sai a talabijin muke ganinsa? To, a yi haƙuri a ji, domin kuwa akwai abin da ya shafe mu a ciki.

A 1966, a filin tsere na Spa da ke Beljiyam, motar wani direba mai suna Jackie Stewart ta ƙwace ta yi gefe. Ya yi kusan minti 25 a maƙale, fetur na tsiyaya a jikinsa, babu likita babu masu ceto. Abokan tserensa biyu ne suka aro sifana wajen wani ɗan kallo suka kwance sitiyarin suka fitar da shi. Ita kuwa motar asibitin da ta ɗauke shi, ɓata ta yi a hanya. Daga nan Stewart ya riƙa ɗaure sifana a cikin motarsa, ya kuma hana shugabannin wasan sakat da maganar ceto.

A 1978 aka naɗa Farfesa Sid Watkins, likitan ƙwaƙwalwa daga Ingila, likitan gasar Formula 1. Bai daɗe da kama aiki ba aka yi karo a Monza ta Italiya, 'yan sanda suka tare hanya suka hana shi isa wurin. Direba Ronnie Peterson ya rasu washegari. Sai Watkins ya kafe: dole a tanadi jirgi mai saukar ungulu, dole kuma a sa likita cikin mota mai gudu ta bi masu tseren a baya a zagayen farko, inda aka fi yin karo. Ba a rage wa kowa gudu ba, kai likitan aka yi kusa. Ba kullum ake dacewa ba, ga Ayrton Senna da ya rasu a Imola a 1994 duk da Watkins ɗin ya iso kansa. Amma a 1995 a Adelaide, a bakin hanya likitoci suka huda wa Mika Häkkinen maƙogwaro ya samu numfashi, ya tashi har ya ci gasar duniya sau biyu. A 2020 a Bahrain motar Romain Grosjean ta rabe biyu ta kama da wuta, kafin ya gama fitowa likita na tsaye a gabansa yana miƙa masa hannu.

Mu dawo gida. Babu filin tsere a Kalakla, amma duk wanda ya tsaya a Laffa da yamma ya san titin Jabal Auliya ba ya rasa masu tsere: raksha da raksha, babur da babur, ƙananan bas suna rige-rigen fasinja. Yawancin masu riƙe da kan kuma 'ya'yanmu ne da ƙannenmu.

Idan tsautsayi ya faɗa, me muke yi? Mu ruga gaba ɗaya, wannan ya ja hannu, wancan ya ja ƙafa, a fizge hular kwano, a ɗura wa wanda ya suma ruwa, a cusa shi a raksha a naɗe kamar tabarma. Niyyar mai kyau ce, ba mu musa ba. Sai dai idan ƙashin wuya ya tsage, wannan jan shi ne zai iya kwantar da mutum har ƙarshen rayuwarsa, ruwan kuma ya shaƙe shi. Masu ceto a filin tsere, kai da wuya suke fara riƙewa su tsaya cik, su duba numfashi, su danne inda jini ke zuba, sannan su ɗago mutum gaba ɗayansa a miƙe. Ba sa fizgo kowa sai in wuta ce ko wani haɗarin ya matso. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar jirgi.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya rufe asibitoci da yawa a Khartum da Umdurman, kuma mun ga yadda samarin ɗakunan agajin gaggawa na unguwanni suka ɗauki masu rauni da hannayensu. Ke nan masu zuciyar yi muna da su, horo ne ya rage. Ƙungiyar Hilal Ahmar ta Sudan ta daɗe tana koyar da taimakon farko. Muna roƙon dattawan masallatanmu da shugabannin masu raksha, kowace tasha ta tura mutum biyu su koyo. A ajiye katako mai faɗi da ƙyalle mai tsabta a shagon da ya fi kusa da titi, a kuma rubuta a bangonsa lambar mai motar da ya yarda a tashe shi ko da tsakar dare ne.