Abin Da Ke Cikin Burgamin Maharbi

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Minna ko Bida ya san rugugin 'yan bindiga da hayaƙin da ke turnuƙe sarari. Amma kaɗan ne ke lura da burgamin da ke rataye a kafaɗarsu. A ciki akwai ƙahon albarushi, da dalma, da tsumman toshiya. Bindigar toka harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗura ta ta baki, shi ya sa ake mata kirari da harba-ka-ruga.

Wannan makami ya daɗe a ƙasarmu. Etsu Masaba na Nupe ya tara bindigogi da albarushi ta hanyar ciniki da Turawa a kogin Kwara. Duk da haka, a 1897 Bida ta faɗa hannun sojojin Kamfanin Neja, masu bindigar Maxim wadda ba ta jiran ɗuri.

Ba wai albarushi ne ba ya kai nesa ba. A gasar Creedmoor ta 1874 a Amurka, an harbi bara daga yadi 1,000 da shi. Asirin shi ne awo: kowane harbi da ma'auninsa, ba ƙari ba ragi. Mu kuwa a nan sau da yawa da tafin hannu ake kintata, bututun kuma na famfo ne.

To, a yau maganar ta wuce wasan salla. Tun kafin sace ɗaliban Kagara a 2021, 'yan banga a Shiroro, Munya da Rafi da wannan bindiga suke tarar masu AK-47 mai cin harsashi 30. Ga damina, albarushi na shan laima ya ƙi tashi. Wani kuma ya zazzage garin harsashin zamani a ciki, bututu ya fashe, yatsu su tafi.

Dokar Bindigogi ta 1959 ta ba Kwamishinan 'Yan Sanda ikon hana riƙe ta ba tare da lasi ba. Ya kamata hukuma ta haɗa da duba lafiyar bindigogin, sarakunan maharba kuma su koya wa samari awo da ajiya nesa da murhu. Amma tsare gari aikin gwamnati ne, kada a bar wa mai burgami. Allah Ya zaunar da mu lafiya.